Yadda Ake Gano Ƙarin Faratayirod Kafin Tiyata

Kada likita ya nemi hoto sai gwajin jini ya nuna kalshiyam ya yi yawa kuma sinadarin PTH, wanda ƙwayoyin faratayirod ke fitarwa, ya hau, domin jini ne ke tabbatar da cutar, hoto kuwa wurin ƙarin kawai yake nunawa. Ƙwayoyin faratayirod huɗu ne a bayan tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, kuma a kusan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na masu cutar, ɗaya ce take kumbura.

A fara da sikanin wuya (ultrasound), wanda ke nuna ƙarin a matsayin ɗan dunƙule mai duhu da jijiyar jini ke shiga ta gefe guda. Sai a bi da hoton sestamibi, inda ake allurar sinadarin sestamibi mai ɗauke da teknishiyam-99m, wanda ke fitar da hasken da na'ura ke ɗauka, a ɗauki hoto bayan minti 15, a sake bayan awa 2: tayirod yakan saki sinadarin, ƙarin kuwa ya riƙe shi. Maƙoƙo yakan rikita wannan hoton, don haka a yi hattara. Idan hotunan biyu suka yi daidai, ƙaramin yanka ya isa. Idan suka saɓa, a nemi 4D-CT (hoton CT da ake ɗauka a lokuta daban-daban bayan allura) ko PET na kolin (hoton da ke bin sawun sinadarin kolin da aka yi allurarsa), tare da tuna cewa ƙarin kan ɓuya a ƙirji ko bayan maƙoshi. Idan duk ba a gani ba, a buɗe wuyan a duba ƙwayoyin huɗu.

A ɗakin tiyata, faɗuwar PTH da fiye da rabi minti 10 bayan cirewa ita ke nuna an ciro wanda ya dace.