Raba Ma'aikata da Bin Diddigin Kuɗin Gini a Microsoft Project

A ce katanga kake zagayawa a fili a Samaru, ka riga ka jera ayyuka a Microsoft Project, manhajar tsara aiki a kwamfuta: haƙa fandisho, zuba kankare, jera bulo, filasta.

1. Fara gyara alamar kuɗi. Shiga File, Options, Display, ka sa ₦.

2. Buɗe Resource Sheet, wato shafin jera ma'aikata da kayan aiki, ka rubuta duk abin da aikin zai ci. Nan ake yawan kuskure, don iri uku ne. Magini da lebura Work ne. Siminti, yashi da bulo Material ne, ka sa ma'auninsu, buhu ko tifa. Kuɗin motar ɗauko kaya daga Sabon Gari kuwa Cost ne. Manhajar da awa take lissafin lada, alhali maginanmu da yini suke ciniki, saboda haka idan naira 8,000 kuka yi, rubuta 8000/d a gurbin ladansa (d na nufin yini).

3. Koma jerin ayyukan, zaɓi aiki, danna Alt+F10, ka ɗora masa mutum da kaya. Ka ga jan mutum-mutumi a gefe? Ka haɗa wa magini ɗaya aiki biyu a rana guda ke nan, sai ka matsar da ɗaya.

4. Kafin a sa diga a ƙasa, je Project ka danna Set Baseline, wato adana tsarin farko na lokaci da kuɗi. Kada ka tsallake wannan, in babu shi ba ka da abin gwadawa.

5. Duk Asabar, bayan sallamar leburori, ka shigar da kason aikin da aka gama. Buɗe View, Tables, Cost, ka duba layin Variance, wato bambancin kuɗin yanzu da na tsarin farko. Idan siminti ya tashi kuma ka shigar da sabon farashinsa, a nan za ka fara gani.