Yadda za ka zaɓi filtar baƙin mai mai kyau kafin ka yi juye

Sau da yawa za ka ga mutum ya tsaya tsayin daka wajen sayen baƙin mai, ya duba galan, ya duba hatimi, ya biya kuɗi masu kauri, amma da an zo kan filta sai ya ce wa yaron gareji, "Je ka ɗauko ko wacce ce." Abin yana damuna, domin duk man da ka zuba ta cikin wannan ɗan gwangwanin yake bi kafin ya isa metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, da sauran sassan inji. Ita ke tare garin ƙarfe da baƙin toka da ƙurar da ta kutsa ciki, har wadda ta fi silin gashi sirantaka. Mu kuma a Kano ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga cunkoson Kurna da na bakin Kantin Kwari inda inji ke aiki mota ba ta tafiya.

Mataki na farko tun daga gida ake yin sa: ka san lambar filtar motarka. Tana cikin littafin mota, idan kuma motar 'yar Kwatano ce babu littafi, ka duba jikin wadda ke ɗaure yanzu, ko ka ba mai shago lambar shasi ya duba maka. Filtocin Toyota na gwangwani lambarsu kan fara da 90915, na Honda da 15400. Ka rubuta a waya. Dalili shi ne filta biyu za su iya zama tsawo ɗaya, fenti ɗaya, amma zaren da ake murɗawa ya bambanta, ko faɗin robar bakinsu, ko ƙarfin sifirin ɗin da ke ciki. Wadda ta ɗauru da ƙyar a yau, ita ce za ta yi yoyo a hanyar Zariya. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, za ta hau," ka ce masa cikin mutunci lambar kake so.

Sai ka san irin da motarka ke ɗauka. Akwai ta gwangwani da ake murɗawa gaba ɗaya, akwai kuma wadda takardar kawai ake sauyawa a cikin wani kofi da ke jikin inji, kamar yadda yake a Toyota da yawa da motocin Turai. Idan irin ta biyun ce, ka tabbata akwai sabuwar robar zobe a cikin kwali, kuma an saka ta.

Yanzu ka shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ko shagon unguwarku, a nan ne aikin yake. Kada ka yi ciniki da kwali. Ka ce a buɗe, ka riƙe ta a hannu. Idan ta gwangwani ce, ka fara da nauyi: mai kyau tana da ɗan nauyi, gwangwaninta ba ya lotsawa idan ka matsa da babban yatsa. Ka girgiza ta kusa da kunne, kada ka ji wani abu yana ƙwal-ƙwal. Sannan ka juya bakinta. Za ka ga babban rami a tsakiya da ƙananan ramuka kewaye da shi. Ka leƙa ƙananan, a yawancin filtoci za ka hango roba ta rufe su daga ciki. Wannan robar ce ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Idan babu ita a motar da ke buƙatarta, ko ta bushe, kowace safiya injin zai tashi a bushe na 'yan daƙiƙu, shi ne ƙarar kaf-kaf-kaf ɗin da wasu ke ji da asuba su ɗauka sanyi ne. Robar tana zuwa baƙa ko ja; jar, wadda ake yi da silikon, ta fi jure zafi, kuma ni ita nake fifitawa saboda yanayinmu.

Ka haska fitilar waya cikin babban ramin. A yawancin filtoci za ka hango wani ɗan bawul mai sifirin a can ƙarshe. Aikinsa shi ne ya buɗe wa mai hanya idan takarda ta toshe ko man ya yi kauri, domin gara mai mai datti da a ce babu mai sam. Wasu injinan a jikinsu wannan bawul yake, wannan ma wani dalili ne na riƙe lamba. Ka shafa zaren da yatsa, ya zama sumul, babu tsatsa, babu ɓurɓushin ƙarfe. Robar baki ta zama mai laushi, zaune daram a gurbinta.

Na taɓa sayen wata mai ɗauke da tambarin kamfani a wani shago, kwali tsaf. Bayan mako biyu fitilar mai ta fara jinkirin mutuwa da safe. Bakanikena ya kwance ta ya yanka a gabana, ya ce, "Yallaɓai, kalli abin da ke ciki." Takarda ce 'yar kaɗan, ninkinta a warwatse, gam ɗin ya saki ta gefe ɗaya, mai yana wucewa ba tacewa. Tun daga ranar, duk juye sai na sa an yanka tsohuwar na gani. Mai kyau za ka tarar ninkin takardarta da yawa, a jere, a manne sama da ƙasa.

Game da suna, ta kamfanin motar ita ce gaba idan ka samu ta gaske. Bayanta akwai Denso, Mann-Filter, Mahle, Bosch, da Purflux da masu Peugeot suka sani. Sai dai sunan da ya fi kasuwa shi aka fi yi wa jabu. Ka duba rubutu: harafi ya fita ras, lambar kwali ta dace da ta jikin gwangwani. Idan kuɗinta ya yi ƙasa da na sauran shaguna sosai, ka ajiye. Ka kama shago ɗaya da ka yarda da amanarsa, ka riƙa karɓar rasit.

Saura ɗaurawa, kuma ka tsaya a yi a gabanka. A duba ko tsohuwar roba ta manne a jikin inji, domin roba biyu a haɗe kan fashe, mai ya tsiyaye cikin minti kaɗan. A shafa sabon mai a robar sabuwar, a murɗa da hannu har ta taɓa, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ba da sifana ba. A tayar da mota, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a kashe, a jira kaɗan, a sake duba gejin mai.

Kowane juye da sabuwar filta, kada ka yarda a wanke tsohuwa da fetur a mayar. Ni dai da irin zirga-zirgar cikin gari ba na wuce kilomita 5,000, kuma ina rubuta lambar mita da kwanan wata a takarda in maƙala a jikin ƙofar direba.