Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa amfilifayar jita mai bawul a gida

Wanda ya taɓa jin jita ta cikin amfilifaya mai bawul, da wuya kunnensa ya manta. Bawul su ne kwalaben gilashin nan masu jan haske a ciki, waɗanda tsofaffin rediyoyi ke aiki da su kafin zuwan taransista. Saboda daɗin muryarsu har yau mutane ke zama a gida su haɗa tasu da hannu, kuma galibi da Fender Champ ake farawa, samfurin 5F1, wanda kamfanin Leo Fender ya riƙa ƙerawa a Fullerton ta jihar Kalifoniya tun ƙarshen shekarun 1950. Bawul uku kacal gare ta: 12AX7 mai ɗaga sautin jita, 6V6 mai tura shi zuwa sifika, sai 5Y3 mai daidaita wutar da sauran biyun ke ci. Ƙarfinta wajen wat 5 ne. Wannan zane ya haura shekara 60 yana aiki, don haka idan ka haɗa ta ƙi, kada ka zargi zanen, kuma kada ka yi saurin sayen sabon bawul. Kusan kullum laifin yana wurin da hannunka ya taɓa, mita ce kuma, wato na'urar auna wuta, za ta nuna maka shi.

Zan fara da kuskuren da ba ya gyaruwa. Mutum ya zare filogi daga bango, sai ya ɗauka ya tsira, ya cusa hannu cikin shasi, wato akwatin ƙarfen da ake ɗora kayan a jikinsa. Manyan kafasitocin da ke tace wuta a Champ, ɗaya mai maikrofarad 16 da biyu masu 8, suna ɗaukar sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an kashe. Wannan wuta tana kisa. Na taɓa tsayawa kusa da wani mai koyo da ya ɗora sukundireba a kan ƙafar kafasita don ya sauke wutar da gaggawa. Ƙarar ta yi kamar an fasa leda, tartsatsi ya tashi, bakin sukundireban ya yi baƙi ya ɗan narke. Har yau idan na tuna cewa yatsansa na dab da wurin, gabana faɗuwa yake. Hanyar da ta dace ita ce ka sami rizista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 100,000, mai ɗaukar wat 2 ko fiye, ka haɗa mata waya mai rufi da maƙali a kowane gefe. Maƙala ɗaya a jikin shasi, ɗayan a ƙafar kafasita mai alamar +, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka auna da mita. Sai ka ga wutar ta sauka ƙasa da bolt 10 kafin ka taɓa komai. Idan kuwa awon dole sai na'ura tana kunne, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. A cire zobe da agogo, a sa takalmin roba, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai a gida.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. An zana Champ don wutar Amurka, wadda a yau bolt 120 ce, tana juyawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu a Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, sau 50. Wanda ya yi odar kayan haɗi daga can bai duba taransifomar ba, ya soka a bango, in ya yi sa'a fis ne zai ƙone, in bai yi ba hayaƙi zai gani. Nemi wadda aka rubuta 230 ko 240 a jikinta, kuma wadda ta yarda da 50, domin wadda aka naɗa don 60 kaɗai takan yi zafi fiye da kima a wurinmu.

Akwai kuma masu kwafar tsohon zane ƙwabo da ƙwabo, har da wayar wuta mai baki biyu da ɗan kafasitan da ke haɗa layin wuta da shasi. Masu gyara a Amurka suna kiransa kafasitan mutuwa, kuma sunan ya dace da shi. Tsirkiyar jita tana haɗe da shasi ta cikin kebul, don haka ranar da kafasitan nan ya lalace, wutar bango hannun makaɗi za ta nufa. Kada ka sa shi sam. Sa waya mai baki uku, ka ɗaure wayar ƙasa da nata noti ita kaɗai a jikin shasi, fis da makunni kuma su zauna a kan layin da ke ɗauke da wuta. Sannan ka tabbatar soket ɗin ɗakinka da gaske yana da wayar ƙasa, don a gidaje da yawa ramin na uku ado ne kawai.

Ranar kunnawa ta farko, ɗoki kan sa a soka duk bawul a danna makunni ana addu'a. Yi haƙuri ka bi a hankali. Haɗa ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100, a jere da layin wuta, ta yadda duk abin da na'urar za ta ja sai ya bi ta cikinsa. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki. Kunna babu bawul ko ɗaya, ka auna bolt 6.3 na ɗumama bawul da bolt 5 na 5Y3. Kashe, sa 5Y3, ka sake kunnawa na ɗan lokaci ka ga babbar wuta ta hau. Daga nan sai sauran. Idan ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya lau. Idan ya tsaya da haske sosai, wayoyi sun haɗe a wani wuri, kuma ƙwan ya ceci taransifomarka. Abu guda kada ka manta: muddin 6V6 na ciki, sifika ta kasance a jone. Amfilifaya mai bawul ba ta jure aiki babu sifika. Wuta kan yi tsalle ta huda rufin wayoyin taransifomar sauti, ita ce kuwa cikin kayan da suka fi tsada.

Idan shiru ka ji, fara da ƙidayar ƙafafun bawul. Daga ƙasan soket ɗin bawul, wato ɓangaren da kake sa dalma, ana ƙirgawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, daga giɓin da ke 12AX7 ko daga tsagar tsakiya a 6V6. Wanda ya ƙirga daga sama ya juya komai. A 12AX7, ƙafa ta 4 da ta 5 a haɗe suke su karɓi waya ɗaya ta 6.3, ta 9 ta karɓi ɗayar. Duba kuma fuskar kafasitoci masu + da −, sannan ka bi dalma ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi dunƙule ba ta kwanta a jikin ƙarfe ba, sake ta. Ƙarfen ake zafafawa dalma ta narke a kansa.

Ƙugi shi ya fi wahalar da mutane, kuma a nan aka fi ɓarnar kuɗi. Kafin ka canza komai, saurara. Ƙugi mai kauri, na can ƙasa, na sau 50 ne, yawanci daga wayoyin ɗumama ko daga kusancin taransifomomi biyu. Wanda ya ɗan fi shi tashi na sau 100 ne, daga tace wuta ko daga yadda aka haɗa ƙasa. Sai ka raba gardama da maɓallin ƙara, wanda a 5F1 yake tsakanin rabi biyu na 12AX7. Ka rufe shi ƙugi ya ɗauke? To matsalar tana gabansa: ramin da ake soka jita, ko rabin farko na bawul. Sau da yawa harshen ramin ne ba ya rufewa idan an zare kebul. Bai ɗauke ba? Kashe, cire 12AX7, ka sake kunnawa. In har yana nan, koma kan kafasitocin tacewa da 6V6.

Ainihin Champ waya ɗaya ta ja don ɗumama, shasi ya zama ta biyun. Na fi son waya biyu a murɗe kamar igiya, a kwantar da su a kusurwar shasi nesa da ƙafa ta 2 da ta 7 na 12AX7, inda sauti mai rauni ke shiga. Idan taransifomarka ba ta da wayar tsakiya a layin 6.3, ɗora rizista biyu masu om 100, kowace daga waya ɗaya zuwa ƙasa. In tana da ita, kada ka ƙara rizistocin. Ƙasan kafasita na farko kuma, inda wuta ta fi datti, ya sauka kusa da taransifomar wuta. Na 12AX7 ya sauka kusa da ramin jita. Kuma kada ka ce za ka kashe ƙugi da ƙaton kafasita mai 100 a madadin na 16, domin 5Y3 ba ta ɗaukar wannan nauyi. Ɗan ƙugi kaɗan da sai ka kai kunne bakin sifika za ka ji shi, ɗabi'ar na'ura mai 6V6 guda ce.

Idan kuwa da ɗumama na'urar ta fasa ihu mai tsinin gaske, kusan kullum wayoyi biyu na shiga taransifomar sauti ne aka juya. Champ tana maido da ɗan sauti baya ta rizista mai om 22,000 don ta lafa. In wayoyin sun juya, sai abin ya zama zuga. Cire ƙafa ɗaya ta rizistar ka gwada. Ihu ya tsaya, sai ka sauke wuta, ka musanya wayoyin biyu, ka mayar da rizistar.

Saura awon da mutane ke tsallakewa da zarar sun ji sauti ya fito. Ɗora baƙar wayar mita a shasi, ja kuma a ƙafa ta 8 ta 6V6. A ce ka ga bolt 19. Raba da 470, wato rizistar da ke wurin, ka sami kusan miliamfiya 40. Auna tsakanin ƙafa ta 3 da ta 8, a ce 330, ka ninka da 0.040: wat 13 da ɗan ɗori. Ɗan kaɗan daga ciki ta ƙafa ta 4 yake bi, amma duk da haka ka kai bakin abin da 6V6 ke jurewa, wato wat 12 zuwa 14 gwargwadon irinta. In lissafin ya wuce haka, ƙara girman rizistar zuwa 560 ko 680, mai wat 5. Auna ƙafa ta 5 ma, ya kamata ka ga sifili. Idan mita ta nuna wuta a wurin, kafasita mai 0.02 da ke gabanta yana yoyo, a canza shi. Kashe fitilar ɗaki ka dubi bawul: ɗan jan haske a tsakiya daidai ne, amma idan farantin ƙarfe mai ruwan toka ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. Rubuta duk waɗannan lambobi tare da ƙarfin wutar bango a lokacin awon, domin wutarmu hawa take tana sauka, ta janareta kuma ta fi. Idan layin 6.3 ya haura 6.9, sa sitabilaiza kafin ka sake kunnawa.