Darasi na 9: Sayen Tsohon Kwale-kwalen Tsere da Gyaransa

A karanta

Wani saurayi a Yauri ya ga tsohon kwale-kwalen tsere a bakin ruwa, an sa shi a kasuwa. Ya sha sabon fenti, shuɗi da fari, sai ƙyalli yake yi. Kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba. Saurayin yana so ya shiga tseren Rigata shi da abokansa. Sai ya je ya kira kawunsa, tsohon masunci.

"Kawu, dubi fentin nan. Kai ka ce jiya aka ƙera shi."

"Ɗana, fenti za ka tuƙa ko katako? Kama can mu kife shi."

"Ai mai shi ya ce ko ɗigo ba ya yi."

"Mai shi ba zai shiga ruwa tare da kai ba. Miƙo mini wuƙarka."

Me ya sa jirgin tsere ya fi wuyar saye?

Tseren kwale-kwale ba baƙo ba ne a ƙasar Kebbi. Ana yin sa a bikin Rigata na Yauri, a kan Kogin Kwara. Ana kuma yin sa a Argungu, cikin wasannin ruwa da ake kira Kabanci. Jirgin da ake tsere da shi siriri ne, dogo, marar nauyi. Abin da ya ba shi gudu shi ne kuma rauninsa. Katakonsa ba shi da kauri kamar na jirgin fito, saboda haka ruɓa kaɗan ta isa ta huda shi. Ga shi da saurin kifewa. Wanda yake neman jirgin ɗaukar buhunan shinkafa ko fasinjan ranar kasuwa, ya bar wannan, komai arharsa.

Dubawa kafin a biya

Ku kife jirgin a kan tudu, da rana, inda ido zai ga komai. Ɗauki ƙotar guduma ka bi katakon kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yana ƙara garau. Ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Duk inda ka ji haka, danna bakin wuƙa. In ta shige ba tare da ka sa ƙarfi ba, wurin ya mutu.

Wurare uku ruɓa ta fi so. Na farko, ƙasan jirgi daga ciki, inda ruwan sama yake kwanciya. Na biyu, ƙarƙashin sandunan da suka riƙe katakon kamar haƙarƙari, don laka tana maƙalewa a nan, ba ta bushewa. Na uku, goshin jirgi, wanda kullum shi ke dukan gaɓa. Dubi kan ƙusoshi ma. Baƙin zobe a kewayen ƙusa alama ce ta tsatsa, kuma ƙusar da ta yi tsatsa riƙonta ya tafi. In ka ga wuri guda an lafta masa kwalta ko fenti fiye da sauran jiki, kankare shi ka gani. Mai sayarwa ya ƙi yarda a kankare? To, ka samu amsarka.

Sai dai a lura, ba kowace yoyo ce aibi ba. Katako yana tsukewa in ya bushe, musamman da hunturu, sai haɗin ya buɗe har ka hango haske ta ciki. In ya sha ruwa, sai ya kumbura ya rufe kansa. Mutane da yawa sun guji jirgi mai kyau saboda wannan, sun sayi ruɓaɓɓe mai sabon fenti. Gwajin ba wuya. A nutsa jirgin a ruwa marar zurfi kwana 2 ko 3, a kwashe ruwan, a zauna a duba. Inda ya ci gaba da tsattsafowa bayan haka, nan ne aikin yake.

Gyara

Kada a yi gyara a kan jiƙaƙƙen katako, kwalta ba ta kama shi. A sa alama da gawayi a duk wurin yoyo, a ɗora jirgin a kan gungume cikin inuwa har ya sha iska.

Ruɓaɓɓen wuri ba a shafe shi, yanke shi ake yi. A ci gaba da yanka da zarto har a tarar da katako mai ƙwari, sannan a ƙara ɗan kaɗan, don ruɓa tana bin jijiyar itace ta ɓoye. Sabon katakon da za a sa ya zama irin na jikin jirgin. In maɗaci ne, a nemo maɗaci. Kawo itace ne mai ƙarko, amma ya fi maɗaci nauyi. In ka sa babban falankin kawo a gefe guda kawai, jirgin zai riƙa karkata, matuƙa su yi ta fama da shi maimakon su yi gudu. A jirgin fito wannan ƙaramin abu ne. A tsere kuwa shi ne bambancin na ɗaya da na biyar.

Kafin a buga ƙusa a tsohon katako, a fara huda wurin da abu siriri, in ba haka ba zai tsage. A nemi farar ƙusa wadda ba ta saurin tsatsa. Ta fi tsada, amma ba za a sake aikin baɗi ba. Bakin ƙusar da ya fito ta ciki, a lanƙwashe shi ya koma cikin katako, kada ya yanki ƙafar wani.

Yanzu sai toshe haɗi. A murza auduga ko tsumma mai tsabta ya zama kamar igiya, a tura shi cikin haɗin da ƙarfe marar kaifi, ana bugawa a hankali. A nan sababbin hannu suke kuskure. Suna ɗurawa tam, suna ganin ƙwazo ne. Sun manta katakon a bushe yake. Ranar da ya sha ruwa ya kumbura, ba shi da wurin motsi, sai ya tsage ko ya tumɓuke ƙusa. A cika haɗin daidai, a bar wa ruwa sauran aikin.

Daga nan a narka kwalta a cikin tsohon gwangwani, a fili, nesa da yara da bukkar ciyawa. Ko ɗigon ruwa kada ya faɗa ciki, don tafasasshiyar kwalta tana fallatsi, ƙunarta kuma muguwa ce. A shafa a kan haɗin, siriri. Kwalta nauyi ce, kuma gudaji a ƙasan jirgi yana rage gudu. In tsaga ce doguwa, a shimfiɗa tsumma mai kwalta, a rufe da yankin kwano, a jera ƙananan ƙusoshi kusa da kusa.

Shiga ruwa

Ranar gwaji a zauna kusa da gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa, har da wanda ya iya iyo. A riƙe ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwasar ruwa, da filafili guda na ko-ta-kwana. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna ƙasa-ƙasa. In igiyar ruwa ta taso, a fuskance ta da goshin jirgi, kada a ba ta gefe. In jirgi ya kife, a riƙe shi. Jirgin katako marar inji yakan tsaya a saman ruwa ko ya cika, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum.

Masu tuƙi a tafkin Kainji suna da ƙarin abin lura. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka, kututturen itatuwa suna nan a ƙasa, suna matsowa sama in ruwa ya ja baya. Siririn katakon jirgin tsere ba ya jure karo da su. Akwai kuma dorina a wajen Yauri. A tambayi sarkin ruwa ko masuntan wurin hanyar da ake bi. In hadari ya haɗo, a fita. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare.

Bayan tsere a wanke laka, a kwashe ruwa tas, a kife jirgin a kan gungume cikin inuwa. Kada ya taɓa ƙasa, saboda gara.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau 3 a littafinka: kwale-kwale, ƙusa, kwalta, maɗaci, filafili.

Me ya sa kawun saurayin ya nemi wuƙa?

Je wurin kafintan jirgi ko kasuwar garinku. Tambayi kuɗin falanki 2, da ƙusa kilo 1, da kwalta gwangwani 1. Rubuta kowanne, ka haɗa jimla, ka kawo aji mako mai zuwa.