Kurakuran da Masu Aiki Daga Ƙasar Waje Suka Fi Yi Wajen Kiran Waya, da Yadda Ake Gyara Su

Wanda yake zaune a Alƙahira, Dubai, Istanbul ko Kuala Lumpur yana yi wa wani kamfani na Turai ko Amurka aiki ta intanet, alhali iyayensa suna Kano ko Maraɗi, yana da buƙatu uku a kan wayarsa waɗanda ba su da alaƙa da juna. Yana son jin muryar mutanen gida, yana son masu ba shi aiki su same shi a kan lokaci da murya mai fita tas, kuma yana son bankinsa na gida ya ci gaba da gane cewa shi ne mai asusun. Mafi yawan kuɗin da ake asara da kiran da ke yankewa suna samo asali ne daga ɗora waɗannan buƙatu uku a kan layi ɗaya ko manhaja ɗaya.

Kuskuren da ya fi saurin cinye kuɗi shi ne mutum ya sauka a wata ƙasa ya ci gaba da amfani da layinsa na gida kamar yana gida. Layin da ke romin, wato yana aiki a wajen ƙasarsa, ana cajinsa idan ya yi kira, ana kuma cajinsa idan ya amsa kira, abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun ga katin da suka loda ya ƙare ba tare da sun kira kowa ba. Data kuwa ta fi muni, domin waya tana sabunta manhajoji da tura hotuna ko da tana cikin aljihu. Gyaran yana farawa tun kafin jirgi ya sauka: a kashe datar romin a layin gida, a sayi layin ƙasar da aka je, a sanya shi ya zama na kira da na intanet. Akwai wani ƙaramin tarko a wayoyi masu sim biyu, wato wasunsu suna tuna layin da aka saba kiran kowace lamba da shi, saboda haka mutum zai danna sunan mahaifiyarsa a jerin kiraye-kirayen baya, wayar ta fitar da kiran ta tsohon layi ba tare da ta tambaye shi ba. Ya kamata a dubi alamar layin da ke bayyana a saman fuskar waya kafin a kai ta kunne.

Wasu kuma da suka ji zafin romin sai su faɗa kuskuren da ya fi wannan haɗari, su cire layin gida su jefa a akwati, su manta da shi shekara guda. A ganina wannan ne ya fi kowane tsada a ƙarshe. A Najeriya ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ta ba kamfanoni damar dakatar da layin da ya yi wata shida ba a yi wata mu'amala da shi ba, kuma idan shirun ya ci gaba suna iya sake sayar da lambar ga wani. Wannan lamba ita ce ke haɗe da BVN (lambar tantance mai asusun banki) da asusun banki da WhatsApp, ita ce banki ke turo wa lambar sirri ta tabbatar da cire kuɗi. Ranar da ta koma hannun baƙo, saƙonnin bankinka gare shi za su riƙa zuwa, kai kuma kana nesa, kuma dawo da layi yawanci yana buƙatar mai shi ya bayyana da kansa a ofishin kamfani. Abin yi shi ne a tabbatar layin yana haɗe da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) kuma an buɗe masa romin kafin a bar gida, a bar shi a cikin waya don karɓar saƙonni kawai, tunda karɓar saƙon tes a ƙasar waje galibi kyauta ne, sannan a riƙa loda masa ɗan kati ana tura saƙo guda da shi lokaci zuwa lokaci. Wasu kamfanoni suna da tsarin ajiye lamba na shekara ɗaya ko fiye a kan kuɗi kaɗan, kuma ya dace da wanda zai daɗe. Dabarar barin layin a hannun ƙane ya riƙa karanto lambobin sirri ta waya ba ta da kyau ko da ƙanen mai amana ne, domin ana iya sace wayarsa, kuma lambar sirrin takan mutu cikin 'yan mintoci kafin a same shi. Haka kuma sauya sim ba ya tilasta wa mutum sauya lambarsa ta WhatsApp, yana iya ci gaba da tsohuwar, sai dai ya kunna mata tsaro na mataki biyu da lambar sirri tasa.

Kafin tafiya kuma a bincika ko wayar a kulle take da wani kamfani, domin wayoyin da aka saya a kan kwantiragi a Amurka ko Ingila sukan ƙi karɓar layin wani kamfani. Mai sayen eSIM na matafiya, wato sim ɗin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, ya sani cewa yawancinsu data kaɗai suke bayarwa, ba su zuwa da lambar da za a kira shi da ita. Mai niyyar zama a Turkiyya kuwa ya san cewa wayar da aka shigo da ita daga waje tana daina aiki da layukan ƙasar bayan kwana 120 idan ba a yi mata rajista an biya haraji mai nauyi ba.

Sai zaton da ya yi ƙarfi a zukatan mutane cewa WhatsApp ya wadatar. Kiran WhatsApp yana buƙatar intanet a ɓangarorin biyu, kuma kaka da ke ƙauye da ƙaramar waya mai maɓallai ba ta cikin wannan lissafi, haka ma sashen kula da abokan hulɗa na banki, ofishin jakadanci, asibiti da kamfanin jirgin sama, waɗanda lambar waya ta yau da kullum ake kiran su da ita. Bayan haka akwai ƙasashen da suka toshe irin wannan kira. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiran murya da na bidiyo ba sa shiga, sai ta manhajojin da hukuma ta amince da su irin su Botim, wanda ke nufin dole ne mutanen gida su ma su sauke ta. Mutane da yawa sukan koma ga VPN, manhajar da ke bi da intanet ta wata ƙasa don kauce wa toshewa, amma dokokin ƙasar suna da tsauri kan amfani da shi wajen aikata abin da aka haramta, kuma baƙon da takardar zamansa ke hannun hukuma bai kamata ya sayar da zaman lafiyarsa a kan kuɗin kira ba. Ga kuma cewa VPN yana ƙara wa murya nisan tafiya, ya jawo jinkiri.

Shekaru da dama Skype ne hanyar da aka saba bi don kiran lambobin yau da kullum daga intanet, amma kamfanin Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025, saboda haka duk shawarar da ta dogara da shi ta tsufa. Manhajoji irin su Rebtel, Viber Out, Yolla da Talk360 suna yin wannan aiki: kai kana amfani da intanet, wanda ka kira kuma wayarsa tana ƙara kamar kowane kira. A Turai akwai layuka irin su Lebara da Lycamobile da aka gina musamman don baƙi masu kiran ƙasashensu. Google Voice yana da amfani ga mai hulɗa da Amurkawa, sai dai buɗe shi yana buƙatar lambar Amurka tun da farko. Wanda ke zaune a Tarayyar Turai kada ya ruɗu da tsarin da ya soke kuɗin romin tsakanin ƙasashen ƙungiyar a 2017, domin bai shafi kiran Najeriya ko Nijar ba.

Wajen zaɓen irin waɗannan hanyoyi ne ake yin kuskuren bin farashi mafi ƙanƙanta ido rufe, alhali araha ba ta ado. Akwai dalilin da ya sa kiran Najeriya ba ya sauka ƙasa da wani mataki: tun daga watan Satumbar 2022 NCC ta tsayar da kuɗin sauke kiran ƙasar waje a kan layukan Najeriya a kan senti 10 na dalar Amurka a kowane minti. Duk wanda ya tallata farashin da ya yi ƙasa da haka sosai, to ko dai garaɓasa ce ta ɗan lokaci, ko zai karɓi kuɗinsa ta wata ƙofa, ko kuma yana bi da kiran ta haramtacciyar hanya. Alamar ta ƙarshen sananniya ce: ka kira daga Landan, amma mahaifinka ya ga baƙuwar lambar Najeriya a fuskar wayarsa, ya ƙi ɗauka, ko ya ɗauka ya ji murya tana amsa-kuwwa. Sauran ƙofofin su ne kuɗin haɗa kira da ake cirewa a duk bugu ko da na sakan goma ne, lissafin da ke mayar da minti ɗaya da sakan biyar ya zama minti biyu ko uku, kuɗin da ke mutuwa idan an yi wasu watanni ba a taɓa shi ba, da rajistar da ke sabunta kanta kowane wata daga katin banki. A fara da loda kuɗi kaɗan, a kira lambobi biyu a kan kamfanoni daban-daban, a tambayi wanda aka kira wace lamba ya gani, sannan a duba nawa aka cire.

Idan murya tana yankewa a taron aiki, abin da mutane suka saba yi shi ne sayen data mai yawa ko intanet mai sauri, kuma sau da yawa matsalar ba a nan take ba. Kiran murya ba ya cin data sosai, minti guda bai cika kai megabait ɗaya ba. Abin da yake buƙata shi ne daidaito da ƙarancin jinkiri. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna cewa idan jinkirin isar murya bai wuce milisakan 150 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na sakan, masu magana ba sa lura da shi, idan kuma ya yi yawa sai su fara katse juna, kowa ya yi shiru lokaci ɗaya, kowa ya sake farawa lokaci ɗaya. Waifai na otal da na gidan shan shayi, wanda mutum hamsin ke rabawa, yana iya nuna sauri mai kyau a gwaji amma ya riƙa zubar da gutsattsarin murya. Kafin kira mai muhimmanci a matsa kusa da na'urar waifai ko a haɗa kwamfuta da ita ta igiya, a dakatar da duk abin da ke sauka ko hawa, a kashe bidiyo idan ba dole ba, a kuma sa abin ji na kunne mai igiya, wanda ke hana muryar ɗaya ɓangaren komawa cikin makirufo. Sau da yawa datar layin waya ta fi waifai na jama'a tsayuwa.

Rubuta lamba ma yana ba da wahala fiye da yadda ake zato. Lambar Najeriya da ta fara da 0803 tana komawa +234 803, a jefar da sifirin farko, haka ma ta Gana bayan +233. Lambobin Nijar guda takwas ne kuma ba su da sifirin da za a cire bayan +227. Mafi sauƙi shi ne a gyara duk lambobin da ke waya zuwa wannan tsari mai alamar tarawa, domin yana aiki a ko'ina har da gida. Lambobin kyauta na kamfanoni, irin masu farawa da 1-800 a Amurka ko 0800 a Ingila, yawanci ba kyauta ba ne daga waje, wasu ma ba sa shiga, don haka a nemi lambar da kamfanin ya ware wa masu kira daga ƙetare. Manhajojin kira ta intanet kuma ba abin dogaro ba ne wajen kiran agajin gaggawa, kamar 112 a Turai, 999 a Ingila ko 911 a Amurka, wanda shi kaɗai ma ya isa dalilin mallakar layin ƙasar da ake zaune.

Mu da muka saba da filashin muna da rauni na musamman a gaban wata damfara, inda baƙuwar lambar ƙasar waje ke buga waya sau ɗaya ta katse, wanda ya bi kiran kuma a caje shi kuɗi mai yawa a kowane minti. Kada a bi kiran lambar da ba a sani ba. Ga mutanen gida kuwa, filashin ɗin yana da amfani idan an yi yarjejeniya: su taɓa ka, kai ka kira su ta hanyarka mai sauƙi, maimakon dattijo ya ƙarar da katinsa a gaisuwa kafin a kai ga maganar da ta sa ya kira.

Lokaci ma yakan ɓata kiran da komai nasa ya daidaita. Najeriya da Nijar ba sa sauya agogo duk shekara, amma Ingila tana sauyawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, Amurka kuma a Lahadi ta biyu ta Maris da ta farko ta Nuwamba, shi ya sa ake samun 'yan makonni da tazarar da aka saba ta rikice. New York tana bayan Kano da awa biyar a kusan wata takwas na shekara, da awa shida a sauran, Dubai kuma tana gaban Kano da awa uku koyaushe. Duk alƙawarin kira a rubuta shi tare da sunan garin da ake nufin agogonsa.

Wanda ya gyara duk waɗannan amma ya tsaya da hanya ɗaya tak, yana nan cikin haɗari. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu na tsawon kwanaki, kuma a 2021 an rufe sabis gaba ɗaya a Zamfara na watanni. A irin yanayi na farko, wanda yake da ɗan kuɗi a manhajar kiran lambobin yau da kullum yana da damar samun gida lokacin da WhatsApp ya gaza. Saboda haka a ajiye lambar wani maƙwabci ko ɗan'uwa da ke kan wani kamfanin daban, a rubuta muhimman lambobi a takarda, a kuma duba ko gayyatar taron Zoom ko Teams ta zo da lambar da ake shiga da ita ta kiran waya, a adana ta tun kafin ranar taron.