Binne bututu kafin zuba kankare: yadda ake shirya wurin ajiye mota don cajin motar lantarki

Duk wanda yake shirin zuba kankare ko jera bulon daɓe daga bakin get zuwa inda mota ke kwana, to ya dakata kwana ɗaya ya yi tunanin wuta. Ko da babu motar lantarki a gidan yau, ranar da ta zo abin da zai fi cin kuɗi da ɓata rai shi ne fasa daɓen da aka gama tsaf don a wuce da waya. Na'urar caji kanta ana kafa ta a yini guda. Hanyar da waya za ta bi ce matsala, kuma wannan hanyar ana iya tanadarta tun yanzu da bututun roba, igiya, da yashi.

Shawararmu ita ce kada ka sayi na'urar cajin yanzu. Irin bakin filogi yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana canzawa da zamani: Turai ta tsaya kan wanda ake kira Type 2, Amurka kuwa ta daɗe da Type 1, yanzu kamfanoninta na komawa irin na Tesla. Na'urar da ta zauna a kwali shekara uku garantinta na iya ƙarewa tun ba a kunna ta ba. Bututu mai faɗi da aka binne da kyau ba ruwansa da wannan duka.

Fara da inda motar za ta tsaya

Ramin caji ba wuri ɗaya yake a jikin kowace mota ba. Wasu yana baya ta hagu, wasu baya ta dama, wasu a hanci, wasu kusa da tayar gaba. Tunda ba ka san wadda za ka saya ba, zaɓi wurin da waya za ta kai kowace kusurwa. Wayar da ke zuwa manne da na'ura yawanci mita 5 ce zuwa 7.5, mota kuwa tsawonta tsakanin mita 4 zuwa 5. Idan ka kafa na'urar a gefe, daidai tsakiyar tsawon motar, za ta kai gaba ta kai baya. In motoci biyu ke kwana a jere, tsakaninsu ya fi. Ɗauki igiya mai mita 5, ɗaure ta inda kake tunani, ka zagaya motar da kake da ita yanzu ka gani da idonka. Kada wayar ta ratsa hanyar da mutane ke bi zuwa ƙofa, domin da dare sai ta harɗe wani.

Tsayin da ake kafa na'ura a bango ko a kan turke yana tsakanin santimita 75 zuwa 120 daga ƙasa. Inuwa tana da amfani sosai: na'urori da yawa suna rage ƙarfin caji da kansu idan suka yi zafi, don haka bangon da rana ke duka tun hantsi har la'asar ba shi ne na farko ba. Tsaya a wurin da wayar salularka ka duba ko intanet ɗin gida yana kaiwa, saboda yawancin na'urorin yanzu da shi suke aiki.

Wutar gidan za ta ɗauka?

Na'urar cajin gida da aka fi sani tana jan amfiya 32 a kan bolt 230, wato kilowat 7.4. Batir mai kilowat-awa 60 zai cika cikin awa 8 zuwa 9. Soket na ɗaki da ke ba da kilowat 2.3 zai kwashe fiye da awa 26 a kan batirin nan, kuma ba a ƙera shi don ya yi ta jan wuta dare guda ba hutawa ba. Nan ne ake samun soket ya narke. Gidan da ke da layin wuta uku (three-phase) yana iya samun kilowat 11 da amfiya 16 a kowane layi, ko 22 da amfiya 32, amma motoci da yawa ba sa karɓar fiye da 11.

Duba babban fis ko birekar da ke kusa da mita. Idan an rubuta amfiya 60, caji shi kaɗai ya cinye fiye da rabi, saura na'urar sanyaya ɗaki, hita, da murhun lantarki. Maganin da ya fi sauƙi shi ne na'urar caji mai zoben auna wuta. Ana ɗaura zoben a babbar wayar da ta shigo gida, idan gidan ya ja wuta da yawa sai na'urar ta rage wa mota. Wannan zoben yana buƙatar 'yar siririyar waya daga wajen mita zuwa na'ura, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Mai amfani da hasken rana da inbata shi ma ya sani: mafi ƙarancin abin da mota ke karɓa amfiya 6 ne, kimanin kilowat 1.4, kuma ƙaramar inbata ba za ta iya da kilowat 7 ba ko na minti ɗaya.

A akwatin rarraba wuta bar gurbi aƙalla huɗu babu komai. Caji yana buƙatar layinsa shi kaɗai, ba a haɗa shi da fitilun waje ko famfon ruwa.

Ramin da bututun

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa.

Kafin diga ta taɓa ƙasa, gano inda bututun ruwa, na gas, na ban-ɗaki, da tsofaffin wayoyi suka bi. Kusa da su da shebur ake tono, a hankali. Ka bar tazarar kimanin santimita 30 tsakaninsu da sabon bututun.

Zurfin rami a ƙarƙashin inda mota ke takawa ya kai santimita 60. A gefen fulawoyi ko inda ƙafa kaɗai ke bi santimita 45 ya wadatar a yawancin wurare, sai dai dokar lantarki ta ƙasarku ita ce ke da maganar ƙarshe. Ana auna zurfin ne daga saman daɓen da aka gama. Kwashe duwatsu masu kaifi daga gindin ramin, ka zuba yashi mai laushi kaurin santimita 5 zuwa 7, ka kwantar da bututu, ka sake rufe shi da yashi kamar haka. Dutse ɗaya mai tsini da ya zauna ƙarƙashin bututu, nauyin mota yana danna shi kullum, ya isa ya huda shi cikin 'yan shekaru.

Faɗin bututu kada ya gaza milimita 50, kuma 63 ya fi kwanciyar hankali. Nemi irin wanda aka yi don binne waya, mai gurzau daga waje da santsi daga ciki. Bututun ruwa marar kauri yana lotsewa, sannan duk wanda ya tono shi nan gaba zai ɗauka ruwa ne a ciki ya sa masa zarto. Ƙa'idar masu aikin ita ce waya kada ta cika fiye da kashi 40 cikin ɗari na cikin bututu. Kebul mai sulke na cajin mota yana da kauri da tauri, ba ya lanƙwasa yadda ake so, shi ya sa bututun milimita 25 da ake sa wa wayar fitila ba ya aiki a nan. Mun fi son a kwantar da bututu biyu: babba don wuta, ƙarami mai milimita 25 zuwa 32 don wayar intanet da ta zoben auna wuta. Bambancin kuɗin kaɗan ne, ramin kuma ɗaya ne.

Kwana ita ce abokiyar gabar jan waya. Kada a sa gwiwar famfo mai karyewa tsaye; kebul zai zo ya cije a nan, ko mutum uku suka ja ba zai wuce ba. A lanƙwasa bututun a hankali kamar baka, kuma kwanoni kada su wuce biyu ko uku a duk tsawon. Idan tafiyar ta haura mita 25 ko dole sai an yi kwana mai tsanani, gina ɗan akwati mai murfi a wurin domin a ja waya kashi biyu.

Zura igiyar nailan mai kaurin milimita 6 tun kafin a rufe, ka bar rarar mita ɗaya a kowane baki, ka ɗaure ta. Ja ta gaba da baya ka tabbatar tana tafiya sumul. Igiyar auduga ko ta rama tana ruɓewa a cikin laima. In an manta igiyar, ana ɗaura leda a bakin zare a tsotso ta da injin share ƙura daga ɗaya bakin, amma wannan dabarar tana aiki ne kawai idan bututun bai lotse ba kuma bai cika da laka ba.

Toshe bakunan biyu da murfi, ka naɗe da tef. Buɗaɗɗen bututu gidan ɓera ne da tururuwa, kuma ranar zuba kankare ruwan siminti yana shiga ya daskare a ciki. Ruwa kuwa ko an toshe sai ya sami hanya, don haka bakin da ke wajen gida ya fi na cikin gida gangarowa, kada damina ta mai da bututun magudana zuwa cikin ɗaki. Bakin da ya fito a wurin caji ya ɗago santimita 30 sama da daɓe, manne da bango ko a tsakiyar gindin turke.

Bayan an mayar da ƙasa kimanin santimita 15 zuwa 20 a kan yashin, shimfiɗa leda mai launi ta gargaɗi a duk tsawon ramin. Sauran ƙasar a mayar da ita kashi-kashi, kowane kashi santimita 15, ana dannewa. Ramin da aka cika lokaci ɗaya yana zama bayan ruwan farko, sai ka ga tsaga ta bi daɓen tiryan-tiryan a kan layin bututun.

Kafin a rufe, ɗauki hotuna da tef ɗin awo a miƙe daga bango zuwa bututu a wuri uku ko huɗu, da wani hoton da ke nuna zurfi. Zana taswirar a takarda ka liƙa a cikin murfin akwatin wuta.

A ja kebul yanzu ko a bari?

Idan motar tana tafe cikin shekara, a ja. In ba haka ba, bututu da igiya sun isa. Ga amfiya 32, jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 6 yana yi a gajeriyar tafiya: a mita 30 yana zubar da kimanin bolt 7, wato kashi 3 cikin ɗari. Mai milimita 10 a wannan tsawon bolt 4 da ɗoriya kawai yake zubarwa. Dokoki da yawa sun tsayar da iyaka a kashi 5, kuma ƙasa mai zafi tana rage abin da waya ke iya ɗauka, saboda haka daga mita 30 zuwa sama mu 10 muke zaɓa. Mai tunanin layi uku nan gaba ya ja kebul mai jijiya biyar. A kiyayi wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ka karce bakin jijiyar da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka mayar da ita. A Amurka lissafin daban ne: bolt 240 ne, kuma bireka dole ta fi abin da na'ura ke ja da kashi 25 cikin ɗari, shi ya sa mai amfiya 48 ke tafiya da bireka 60.

Haɗa wutar aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne mai lasisi. Abu biyu za ka tambaye shi. Na farko na'urar yanke wuta idan ta zuba, mai miliamfiya 30, kuma ta zama nau'in B, ko nau'in A tare da na'urar caji mai gano zubar wutar batir ta miliamfiya 6, domin irin wannan zubar tana iya makantar da na'urar kariya ta yau da kullum ta kasa yankewa. Na biyu wayar ƙasa, wato wayar kariya (earth) da ke kai wutar da ta zuba zuwa cikin ƙasa. A wasu gidaje kamfanin wuta yana haɗa nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da wayar ƙasa a jijiya ɗaya, kuma idan ta tsinke a waje jikin motar da ke caji zai iya ɗaukar wuta. Ana magance wannan da na'urar da ke gano matsalar ta yanke da kanta, ko da sandar ƙasa ta daban. In sanda ce, a kafa ta kafin kankare, a bar mata ɗan akwati mai murfi don awo.

Daɓen kansa

Motar lantarki ta fi takwararta ta fetur nauyi saboda batir, amma daɓen da aka yi bisa ƙa'ida yana ɗaukarta: tsakuwa dannanniya santimita 15 a ƙasa, kankare santimita 10 zuwa 15 a sama. Gangara ta zama santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, tana kai ruwa nesa da bango da gindin na'ura. Idan na'urar za ta zauna a gaban hancin mota, sa dakalin tsayar da taya ko turken ƙarfe kamar rabin mita a gabanta. Inda za a iya, a bi da bututun ƙarƙashin gefen da aka jera bulo maimakon tsakiyar kankare, tunda bulo ana ɗagawa a mayar ba tare da tabo ba.