Yadda za ku gane kumburin ƙashin da ba na ɗori ba

Aikina jinya ne a ɗakin tiyata a Garwa, a arewacin Kamaru. Yaran da suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan shekara 10 zuwa 20 da ake kawo mana da gwiwa a kumbure, an sha ɗori, an sha tsaga. Labarin kusan ɗaya ne: wajen ƙwallo ya faɗi. Alhali ƙari ne a ƙashin, yana nan tun kafin faɗuwar, ita ce dai ta sa aka lura da shi.

Ku zaunar da yaro, ku miƙe ƙafafunsa biyu ku gwada su, sannan ku taɓa. Ƙarin da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira ostiyokondiroma, tauri gare shi, ba ya motsi, ba ya ciwo. Yana girma a hankali tare da yaron, in tsawo ya tsaya shi ma ya tsaya. Ba ya yaɗuwa, ba a ma cika cire shi ba sai in ya danne jijiya ko ya hana lanƙwasa ƙafa. Duk da haka a ɗauki hotonsa.

Daga nan ku lura da dare, nan ne hankalina ya fi zuwa. Targaɗe yana lafawa in an huta, kafin mako uku ya wuce. Ciwon daji na ƙashi kuwa, musamman ostiyosarkoma, yana tashin yaro daga barci, kullum gaba yake yi. Ya fi kama ƙarshen ƙashin cinya ta wajen gwiwa, da saman ƙwauri, da dantse kusa da kafaɗa. Za ku ji wurin da ɗumi, fata ta yi sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau. Ku ari awon tela ku auna kaurin wurin duk Juma'a, ku rubuta. In lamba tana hawa, kada ku jira wata Juma'ar, ku kai shi asibiti. Akwai wani ƙaramin ƙari marar yaɗuwa da shi ma da dare yake ciwo, amma ƙwayar ibuprofen tana kwantar da shi, saboda haka ciwon dare kaɗai bai isa a yanke ƙauna ba.

Wani ciwon dajin ƙashin kuma, wanda ake kira Ewing, yana zuwa da zazzaɓi, sai a zaci ruɓar ƙashi ce ko sikila. In an gama maganin ƙwayoyin cuta kumburi bai saɓe ba, ku koma wurin likita.

Ga wanda ya haura 40, yawanci daga wani wuri dajin ke tasowa ya sauka a ƙashi: nono, huhu, ƙoda ko furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Baba ya karye daga ɗan tuntuɓe, ko Inna tana fama da ciwon bayan da ke hana ta barci, a bincika kafin a kira mai ɗori.

Ina girmama masu ɗori, amma ina roƙon su, kumburin da babu karaya kada a murza shi, kada a tsaga, kada a kafa ƙaho. Ƙashin ya riga ya yi rauni, yana iya karyewa a hannu, tsagar kuma gyambo take zama. A ba yaro sanda ya daina taka ƙafar, a yi hoton ƙashi ta gaba da ta gefe, da hoton ƙirji, don huhu ne wurin da wannan ciwo ya fi zuwa. Ɗiban tsoka don gwaji kuwa, a bar wa likitan da zai yi aikin.

Na san tsoron yanke ƙafa ne ke zaunar da iyaye a gida. Inda ake da kayan aiki, 6 zuwa 7 cikin 10 na waɗanda aka kama kafin ciwon ya yaɗu suna wuce shekara 5 a raye, wasu ma da ƙafarsu. In aka tura ku Yawunde, akwai jirgin ƙasa daga Gaundare, kuma cibiyar uwa da yara ta gidauniyar Chantal Biya tana da sashen ciwon daji na yara. Ku tafi da duk hotunan, har na farko, da takardar awonku.